Ranar da Aka Sake Ba Ni Almakashi

Almakashi ne abu na farko da aka ɓoye a gidanmu, tun kafin a tuna da wuƙaƙen girki. Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, kaftani da 'yar shara da wando, don haka raba ni da almakashi daidai yake da raba manomi da fartanya. Inna ce ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙasan adakarta a shekarar 2017, kuma sai da aka shekara huɗu kafin wani ya sake miƙo mini almakashi da hannunsa. Duk wanda ya tambaye ni ya jiki, na san abin da yake son ji, wato ko muryoyin da ciwon ƙwaƙwalwa ya sa nake ji sun daina. Sun lafa tun tuni. Bayan lafawarsu na yi fiye da shekara ina zaune a zaure kamar buhun gero, kuma wannan zaman ne ba a cika tambayata labarinsa ba.

Ina da shekara 22 abin ya fara, ina dab da a yaye ni a shagon Oga. Barci ne ya fara ƙaurace mini. Daga nan sai na riƙa jin 'yan majalisar bakin layinmu da ni suke duk lokacin da suka kwashe da dariya. In mai karanta labarai a rediyon shago ya ce “wani matashi”, sai gabana ya faɗi. Sannan muryoyin suka zo, maza biyu, kuma ba da ni suke magana ba, zancena suke yi a tsakaninsu kamar masu sharhin ƙwallo. Ɗaya ya ce, “Ga shi nan zai ɗauki tef.” Ɗayan ya ce, “Ai bai iya ba.” Wanda bai taɓa ji ba yana ɗauka tunani ne ya yi ƙarfi. Da kunnena nake jin su, daga bayan ƙyauren shago, har in tashi in leƙa. Ranar da asiri ya tonu, shaddar wani alhaji yadi goma na yi wa gunduwa-gunduwa, don na haƙiƙance an saƙa na'urar naɗar magana a gefenta. Oga bai ce mini komai ba. Ya zare almakashin daga hannuna a hankali, ya aika a kira Yaya.

A gida kowa ya kawo nasa bayanin. Gwaggo ta ce sammu ne, an ga hannun yaro ya fi na sa'o'insa. Kawu ya ce ƙwaya ce, alhali ko sigari ban taɓa sha ba a lokacin. Inna ta ce iska ce, tunda ina yawan ratsawa ta juji da magariba in na taso daga shago. Aka shiga ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha rubutu har ban san adadi ba, aka shafe ni da man habbatus sauda. Ba na zargin kowa a kan wannan, kuma har gobe karatun Alƙur'ani yana kwantar mini da hankali. Abin da ya cuce ni shi ne an ɗauka sai an ga ƙarshen wannan hanyar kafin a gwada asibiti, kamar ba za a iya bin biyun lokaci guda ba. Da aka gaji, aka kai ni gidan mari. Wata uku na yi a can. Ba zan yi dogon bayani ba, tabon yana nan a idon sawuna, shi ya sa nake ɗinka wa kaina wando mai ɗan tsawo. Inna ce ta fitar da ni. Ta zo da dambu wata Juma'a, ta ga ƙafar ta kumbura tana ruwa, ta juya ta ce wa Yaya, “Ko ku cire mini ɗana daga nan, ko ku kawo mini tabarmata in zauna tare da shi.”

Kowane gari da sunan da ake tsoratar da mutane da shi. A Kano in ka yi wani shirme sai a ce sai an kai ka Dawanau, a Sakkwato a ce Kware, a Kaduna a ce Barnawa, a ƙasar Yarbawa kuma Aro ko Yaba. Ni ba zan faɗi wanda aka kai ni ba. Abin da na tarar dai asibiti ne kamar kowane asibiti: a yanki kati, a bi layi, a zauna kan benci. Likita ya yi kusan awa biyu yana tambayoyi, ni daban, Yaya daban, har da yadda aka haife ni da ko akwai mai irin wannan a dangi. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ba ni gado. Mako biyar na yi.

A mako na uku ne likitan ya kira mu ya faɗi sunan ciwon, sikizofireniya. Yaya ya sa ya maimaita sau biyu, ya rubuta a bayan katina. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi, ya kuma yarda da abin da ba haka yake ba, kuma yawanci a ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai yake bayyana, maza ma ya fi saurin kama su da wuri. Daga baya na ji ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, cewa kusan mutum miliyan 24 ne ke da shi, wato ɗaya cikin 300. Na kan lissafa wannan in na ga sahu a masallacin Idi. Yaya ya tambaya, “Likita, zai warke?” Likitan ya ce, “Malam, ka taɓa tambayar mai hawan jini ko ya warke? Yana shan maganinsa, yana zuwa kasuwa.” A lokacin maganar ba ta yi mini daɗi ba. Ni so nake a ce mini kwana kaza za ka yi, shi ke nan.

Maganin da aka sallame ni da shi halofaridol ne, da wani na dare da ake kira Largactil, tsohon magani ne wanda tun 1952 aka fara amfani da shi a Faransa. Sun yi aikinsu, muryoyin suka yi nisa kamar rediyon maƙwabta. Amma jikina ya zama na wani. Wuyana ya sandare, ina tafiya hannuwana ba sa lilo, yawu yana dalala in na kwanta, yatsuna suna rawa. Akwai ranar da idanuna suka kafe sama suka ƙi saukowa, Inna ta fasa kuka ta ce aljanun sun dawo. Muka koma asibiti aka yi mini allura, ba a jima ba idon ya sauko. Nas ta ce illar maganin ce, aka ƙara mini wani ɗan ƙarami na sassauta jijiyoyi. Matsalar wannan ƙaramin ita ce irinsa ne wanda 'yan shaye-shaye ke nema da sunan Exol. Na shiga wani kemis da takardar likita a hannuna, mai shagon ya kalle ni sama da ƙasa, ya ga rawar hannu, ya ce babu. Ina hango shi a kan kanta. Tun daga ranar Yaya ne ke sayo mini.

Yanzu sai zaman zaure. Shi ne na fi so mai karatu ya fahimta, don a wajen dangi na warke: ba na surutai, ba na fita tsirara, ba na fasa komai. Amma ciwon nan yana da wani ɓangare da ba ya ihu. Yana cinye sha'awa. In farka da niyyar wanka, rana ta take ban tashi ba. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba kuma gajiya ba, kawai abin da ke tura mutum ya miƙe ne babu. Kawu ya sa mini suna malalaci, ya ce ciwo ya zama hanyar cin banza. Ita kuwa Inna ta wuce gona da iri ta ɗaya gefen, ko buta ba ta bari in ɗauka. Aka daina aikena ko sayen magi. In ana shawarar gida na shigo, sai a yi tsit a canja zance. Ɗan Gwaggo ya rasu, sai bayan sadakar uku na ji, wai kada hankalina ya tashi. Gaisuwar mutane ma ta canja, wata irin sannu mai ja, wadda ake yi wa wanda ake ganin ya riga ya gama. A masallaci na lura na kusa da ni yana barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa, liman yana ta cewa a daidaita sahu. Na gwada zura zare a allura a ɓoye, da dare, da allurar Inna. Na fi rabin awa ina fama, ban iya ba.

A watan Satumba na 2019 aka sanar a rediyo cewa 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Muna zaune da Yaya a zaure muka ji. Ya rage murya, ya yi shiru, can ya ce, “Auta, ka yafe mini.” Na ce, “Yaya, ai ba ka sani ba.” Ba mu sake tayar da zancen ba har yau.

Farkon 2020 na daina shan magani. Ina faɗin wannan ne don masu jinya su san dalili, ba taurin kai ba ne kawai. Na zauna na auna: da magani ba na jin murya, amma ba na ɗinki, ba na tashi asuba, na zama abin tausayi. Sai na riƙa maƙale shi ƙarƙashin harshe, Inna tana juya baya in tofar. Wata biyu na ji kamar an sake haifata. Hannuna ya tsaya, na fara hira, kowa yana cewa alhamdu lillahi sauƙi ya samu, ni ma har na fara tunanin likita ne ya yi kuskure. Abin da ban sani ba shi ne ciwon ba ya dawowa ranar da ka daina, yana iya ba ka makonni ko watanni. Ya dawo mini a cikin kullen korona, cikin azumi. Titi babu kowa, masallatai a rufe, sai na tabbata saboda ni aka kulle gari. 'Yan sintirin unguwa ne suka dawo da ni gida wani dare, ba takalmi, na yi tafiyar da har yau ban san iyakarta ba.

Kwanciya ta biyu ta fi ta farko ciwo, don wannan karon na san inda nake. Sai dai a nan ne na haɗu da wata likita, matashiya, wadda ta yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba. Bayan ta gama na kullum, kana jin murya, kana barci, kana cin abinci, sai ta ajiye biro ta ce, “Malam, me kake so ka iya yi wanda yanzu ba ka iyawa?” Na ce, “Likita, in zura zare a allura.” Ba ta yi dariya ba. Ta ce in miƙe hannuwa, ta ɗora fallen takarda a kai, muka zuba ido takardar tana kaɗawa. Ta ce, “Wannan ne ya sa ka daina sha?” Na ce shi ne. Ta ce, “To me ya hana ka faɗa?” Na ce ba a tambaye ni ba, kuma na ɗauka in na yi ƙorafi za a ce ciwon ne ke magana. Ta canja ni zuwa olanzafin, ƙwaya ɗaya da dare. Ba ta ɓoye mini komai ba: rawar hannu za ta ragu, amma zan ji yunwa kamar fara, zan yi ƙiba, zan yi barci mai nauyi, kuma dole a riƙa duba sukarin jinina. Ta kuma ce akwai allurar da ake yi wata-wata ga wanda shan magani kullum ke gagara, in ina so. Na ce a bar ni da na haɗiya. Ta ce, “To alƙawari ɗaya: in ka gaji da shi, ni za ka fara faɗa wa, ba bola ba.”

A asibitin akwai ɗakin koyon sana'a, da keken ɗinki Butterfly guda biyu, ɗaya ne ke aiki. Dattijon da ke kula da ɗakin ya ba ni tsumma in bi layi madaidaici, babu zare, allura kawai tana huda. Shi ya ba ni labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya fara saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan uwansa, su je a duba su da rana su dawo su kwana cikin jama'a. Har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Mutumin ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Dattijon ya ce, “Ka ga tun kafin a haifi babanka aka gane zaman cikin mutane magani ne, amma har yanzu mutanenmu ɗaki suke kullewa.”

Kafin a sallame ni aka kira Inna da Yaya, wata babbar nas ta zaunar da su kusan awa guda, ina wurin. Ta ce wa Yaya ya faɗa wa Kawu kasalar nan daga ciwon take, kuma yawan faɗa da gori yana cikin abubuwan da ke tayar da shi. Sai ta juya wajen Inna ta ce, “Hajiya, ku kuma ku rage tarairaya. Ku aike shi. In ya yi laifi ku yi masa faɗa irin na ɗa da uwa.” Inna ta ce, “In aike shi ya ɓata fa?” Nas ta ce, “Ku fara da mai kayan miya na ƙofar gida.” Sannan aka tambaye ni alamomin da nake gani kafin abin ya taso, na ce rashin barci dare biyu a jere, da ƙin cin abinci tare da mutane, da yawan rufe taga. Yaya ya rubuta su ƙarƙashin sunan ciwon a bayan katin. Muka yi yarjejeniya a gaban nas: in an ga biyu daga ciki, za a kai ni asibiti ba gardama, in ba a gani ba, ba mai bina da kallon tuhuma.

Aiken farko tattasai da albasa ne. Na dawo da canji daidai, na tarar da Inna a tsaye a bakin ƙofa tana yi kamar shara take. Maganin ma haka muka bi da shi. Wata uku tana tsaye a kaina in haɗiye in buɗe baki. Daga nan ta koma ƙirga ramukan fakiti duk Juma'a. Yanzu wayata ce ke ƙara bayan isha'i, kuma a ɗakina maganin yake.

Komawa shago ta fi komai wuya, don shaddar alhajin nan Oga ne ya biya ta daga aljihunsa. Yaya ya je ya same shi, Oga ya ce in zo. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ya katse ni ya ce, “Wancan ya wuce. Ga dutsen guga nan.” Ni da nake dab da yaye, na koma hura gawayi tare da yaran da aka kawo bayan tafiyata. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma gugar ce ta riƙa tayar da ni da safe, don akwai inda ake jirana. Daga guga na koma sa maɓalli, daga nan kalmasa ƙafar wando, sannan haɗa kafaɗa a kan keke. Yanka kuwa Oga ne ke yi ya miƙo mini. Ina jin wasu kwastomomi suna raɗa masa, kada a ba wancan kayana. Wani lokaci ya ce to, wani lokaci ya ɗauko kaftanin da na haɗa ya juya cikinsa ya ce, “Alhaji, duba ɗinkin nan ka nuna mini inda ya karkace.”

Wata Laraba a 2021, bayan la'asar, Oga zai tafi jana'iza. Ya shimfiɗa yadi a kan tebur, ya ajiye alli da takardar awo, ya ciro almakashinsa, wanda ko yaransa na cikinsa ba sa taɓawa, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. Ya ce, “Kaftani ne da wando, kafin in dawo.” Bai tsaya ya kalle ni ba, ya sa takalmi ya fita. Na auna sau uku kafin in sa alli. Yaran shago sun yi kamar suna aikinsu, amma na san duk ni suke kallo. Da almakashin ya shiga yadin na ji wannan ƙarar tasa a kan katako, sai na ga kamar jiya na bari. Oga ya dawo bayan magariba, ya ɗaga gaba ya ɗaga baya, ya ce hannun ya so ya yi faɗi, in rage rabin inci. Da na koma gida na faɗa wa Inna, ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito da tsumman nan. Nawa almakashin har ya yi tsatsa.

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Duk tela ya san kuɗin shekara a goman ƙarshe na azumi yake, lokacin da ake kwana a kan keke saboda ɗinkin salla. Ni an haramta mini kwanan zaune, rashin barci shi ne ƙofar ciwona. Ana idar da asham nake shan magani in kwanta, abokan aikina suna ɗinka uku ina ɗinka ɗaya. Sahur kuwa sai Inna ta yi da gaske kafin in farka. Ƙibar da likita ta faɗa ma ta zo. Ni da kaina nake auna ƙuguna, daga inci 30 ya kai 38 cikin shekara ɗaya da rabi, tef ba ya ƙarya. Likita ta gaya mini masu ciwon nan sun fi sauran mutane haɗarin mutuwa da wuri ninki biyu zuwa uku, kuma yawanci ciwon zuciya da na sukari da makamantansu ne ke kashe su, don kowa ya zuba ido kan kai an manta da gangar jiki. Na bar lemon kwalba, na rage tuwon dare, na koma zuwa shago a ƙasa maimakon hawa adaidaita. Yanzu ƙuguna ya dawo inci 35, sukarin kuma ana dubawa.

Sai maganar kuɗi. A watan Fabrairu na 2023, lokacin da takardun naira suka ɓace, maganina ya kusa ƙarewa, a asibiti babu, a kemis kuma tiransifa ta maƙale. Na yi dabarar raba ƙwaya biyu har kwana huɗu. Da na faɗa wa likita ta yi mini faɗa sosai, kuma tana da gaskiya, don a dare na huɗu barci ya fara guduwa. Bayan an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin magani da na motar zuwa asibiti suka tashi tare. Tun daga nan na sa wa kaina doka: kuɗin ɗinkin farko na kowane wata na magani ne, kafin kati, kafin komai, kuma kullum ina da na mako biyu a ajiye. A farkon shekarar 2023 ne Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da tun daga sunanta take kiranmu mahaukata. Na ji daɗin labarin, ko da yake a layinmu ban ga wanda ya san da ita ba. A bencin asibiti ina ganin mutanen ƙauye da ke sayar da akuya su zo, in akuyar ta ƙare su daina zuwa, sai a rubuta a fayil wai ba sa bin umarnin likita.

Aure ne ya rage. Na nemi wata yarinya a 2022, na ɓoye har magana ta kai ga manya, sai wani ya kai wa mahaifinta labari. Aka dawo da kayan, aka ce jininmu da hauka. Na ji zafi, amma da na huce na ga laifina ne da ban faɗa da bakina ba. Na tambayi likita gaskiyar maganar gado. Ta ce akwai, amma ba yadda ake zuzutawa ba: in ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kusan ɗaya cikin goma na 'ya'ya ne ke iya samu, sauran tara lafiya lau. Wadda nake nema yanzu a zuwa na uku na gaya mata, har tabon ƙafar na nuna mata. Ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba, a na uku ta kira ta ce yayanta yana son ya bi ni asibiti ya ji daga bakin likita. Mun je tare, ya yi tambayoyinsa, wasu ma sun ba ni kunya. Maganar tana hannun manya, ban san yadda za ta ƙare ba.

Muryoyin ma ba su tafi gaba ɗaya ba. In na gaji, ko an tayar da janareta a shagon kusa, na kan ji kamar ƙunƙuni a cikin ƙarar. Na san su yanzu. Sai in tashi in yi alwala, in fita bakin titi in sayi rake, in yi wa mai raken surutu. In sun bi ni har dare biyu, ni da kaina nake ɗaukar kati.

Sallar layyar bara, wani kwastoma da ya san tarihina sarai, yana cikin masu raɗa wa Oga a da, ya kawo mini yadi da hannunsa. Na ce masa Litinin. Litinin ta zo ban ko yanka ba, aiki ya yi mini yawa. Ya dawo Laraba na ce ana guga, alhali yana nan a naɗe a ƙarƙashin tebur, kuma ya hango shi. Mutumin nan ya buɗe murya har masu wucewa suka tsaya. Ya ce, “Ku teloli duk halinku ɗaya, ƙarya kamar ku kuka ƙirƙiro ta! Wallahi in na zo gobe babu, sai ka biya ni yadina!” Ba wanda ya taɓa shi ya ce ya yi a hankali, Oga ma ko ɗagowa bai yi ba daga kan kekensa. Na ce, “Allah ya huci zuciyarka, Alhaji, gobe bayan azahar.” Yana fita na jawo yadin na shimfiɗa, na ce wa yaro ya miƙo mini alli.